Dokar Musa tana kanmu har yau ko kuwa? Ku taimaka min, zuciyata ta ƙi kwanciya

Ɗan Muciya:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku kenan abin nan yana cina. Watan jiya Mamanmu ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, hawan jini, muka kwashe ta a keke cikin dare sai asibiti, kwana tara muka yi. Ni malamin firamare ne, albashina dubu 70, kuma tunda na fara aiki ban taɓa fashin zakka ba, wato kashi ɗaya cikin goma da muke kaiwa coci, da alat ya shigo dubu 7 nake cirewa in sa a ambulan kafin in taɓa ko kwabo. Toh wannan karon ina tsaye a kantin magani kuɗi suka gaza, ambulan ɗin na aljihun rigata, na yage shi na cika aka bani allurar. Ran Lahadi bayan an tashi sujada wani dattijon cocinmu mai riƙe da littafin zakka ya ja ni gefe gindin darbejiya, ya buɗe min Malakai sura 3 yace na yi wa Allah fashi, wai la'ana tana kaina, kuma kar inyi mamaki in jikin Mama ya ƙi daɗi sai na biya. Na kasa ce masa komai. Tambayata ita ce, mu Kirista dokar nan tana kanmu ne har yau? In tana kanmu me yasa ba ma yanka rago don zunubi, ba ma hutun Asabar? In kuma ba ta kanmu me yasa zakka kaɗai aka ɗauko ake bina da ita?

Maman Biyu:
Wayyo ɗana, sannu. Yaya jikin Maman yanzu? Kafin malamai su zo da ayoyi ni dai abu ɗaya zan ce maka, ka buɗe Markus 7 daga aya 9 zuwa 13. Yesu da bakinsa ya tsawata wa waɗanda ke cewa kuɗin da ya kamata su taimaki iyaye da shi sun riga sun keɓe wa Allah, yace da al'adarsu suka rushe umarnin Allah na girmama uwa da uba. Kamar don kai aka rubuta wurin. Ka kwantar da hankalinka.

Ɗan Muciya:
Da sauƙi Mama, an sallame mu, tana ɗan takawa da sanda. Na gode. Yanzu na karanta, har jikina yayi sanyi.

Ma'ajin Coci:
Ƙanina Allah ya ƙara sauƙi. Maganar la'ana da aka yi maka ban goyi baya ba ko kaɗan, amma don Allah kar a fake da wannan a ce zakka ta wuce. Shekara 11 ina riƙe da kuɗin coci, na san abinda nake gani. Muna da mai bishara a wani ƙauye can wajen Giwa, yara huɗu gare shi, in zakka ba ta shigo ba watan nan gidansa ba a ɗora tukunya. Kuma zakka ta girmi Musa, Ibrahim ya ba Malkisadik kashi ɗaya cikin goma a Farawa 14 tun ba a san dutsen Sinai ba. Yesu ma a Matiyu 23:23 da yake yi wa Farisiyawa faɗa akan suna fidda zakkar ganyayen miya suna barin gaskiya da jinƙai, ai bai ce su daina ba, cewa yayi su yi wannan kar su bar wancan.

Malamin Sande Sukul:
Yaya Ma'aji, da wa Yesu yake magana a wurin? Da Yahudawa ne, haikali na tsaye, Lawiyawa masu hidimarsa na bakin aiki, shi kansa bai hau gicciye ba tukuna. A Matiyu 8 ma ya ce wa kuturun da ya warkar yaje wurin firist ya miƙa baikon da Musa ya umarta, mu yau muna yi? Sannan in za a bi zakka yadda take a Attaura a bi ta duka. A Littafin Ƙidaya 18 ta Lawiyawa ce saboda ba a raba musu gona ba. A Maimaitawar Shari'a 14 mutum da iyalinsa ne ke cin zakkarsu a gaban Ubangiji, kuma duk shekara ta uku a tara ta a gari don Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Hatsi ne da mai da dabbobi. Ni ban taɓa jin an yi wa'azin wannan sura ran godiya ba, kullum Malakai 3:10. Abinda aka ce mana mu shine 2 Korantiyawa 9:7, kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ba, ba dole ba. Kuma 1 Timoti 5:8 tace wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya musunci bangaskiya. Mai bisharan nan dole mu riƙe shi, 1 Korantiyawa 9 ta faɗi haka, amma ba da tsoratarwa za a tara kuɗin ba.

Ɗan'uwa daga Hanwa:
Na ji daɗi da aka tada maganar nan, don tambayar Ɗan Muciya ta biyu ita ce ainihin tambaya kuma kowa yana kauce mata. Ni ɗan Adventist ne, masu sujada ran Asabar, kun sani. Hadayu sun ƙare a gicciye, mun yarda. Amma Dokoki Goma daban suke, da yatsan Allah aka rubuta su akan dutse, cikin akwatin alkawari aka ajiye su. Kuna riƙe da tara kun yar da ta huɗu, ta kiyaye Asabar. Asabar tun Farawa sura 2 take, babu Bayahude ko ɗaya a duniya lokacin. Yesu yace bai zo ya rushe Attaura ba sai dai ya cika ta, ko ɗigo ba zai shuɗe ba. Wa ya maida ta Lahadi? Sarkin Rum Kwanstantin ne ya kafa dokar hutun Lahadi a shekara ta 321. Ku nuna min aya ɗaya da Allah yace ya canza ranar.

Malamin Sande Sukul:
Ɗan'uwa, dokar 321 gaskiya ce, amma hutun aiki ya kafa, taron Lahadi ya same shi ana yi. Ayyukan Manzanni 20:7 a Taruwasa ranar farko ta mako suka taru gutsuttsura gurasa. 1 Korantiyawa 16:2 ranar farko ta mako ake ware baiko. Justin Mai Shahada, wani marubucin Kirista na dā, ya rubuta wajen shekara ta 150 yadda Kirista ke taruwa ran Lahadi, sama da shekara 150 kafin dokar sarkin. Ni kuma ba na cewa Lahadi ce sabuwar Asabar, wannan ayar kam babu ita, ka faɗi gaskiya. Abinda nake cewa shine Kolosiyawa 2:16 da 17, kar kowa ya hukunta ku akan ci ko sha ko idi ko tsayawar wata ko Asabar, inuwa ce, ainihin jikin Almasihu ne. Da Romawa 14:5, wani na ɗaukaka wata rana wani duk ɗaya ne a wurinsa, kowa ya tabbata a ransa. Ka kiyaye Asabar ɗinka don Ubangiji, ba wanda zai raina ka, amma kar ka ɗora min.

Ɗan'uwa daga Hanwa:
Asabar ɗin Kolosiyawa ta bukukuwan shekara ce Malam, ba ta mako ba. Zan kawo bayanin in na dawo gida, cajina ya kusa ƙarewa.

Baba Dattijo Wusasa:
'Ya'yana, jikata ce ke buga min wannan, idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Maganar nan ba sabuwa ba ce a ƙasar Zazzau. Likita Miller, Baturen mishan, ya zauna cikin birni tun 1905, a 1929 mishan ta koma Wusasa, a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Iyayenmu da suka fara karanta shi a tsakiyar Musulmi suke, danginsu ne, ciki ɗaya wasu, kuma abinda ake yawan ce musu shine ku addininku ba shi da shari'a, kowa yayi abinda ya ga dama. Wannan gorin ya yi musu ciwo, shi yasa suka tsare kansu ƙwarai. Abinda aka koya mana a ajin tabbatarwa, yana nan cikin ƙa'idodi 39 na Anglika, ta bakwai, shine dokokin Musa na hadaya da tsarkakewa ba su ɗaure Kirista ba, dokokin mulkin ƙasar Isra'ila ma ba dole wata ƙasa ta ɗauka ba, amma babu Kiristan da aka 'yanta daga dokokin halin kirki. Shi yasa a tsohon tsarin Jibin Ubangiji ake karanta Dokoki Goma ɗaya bayan ɗaya muna durƙushe, muna amsawa muna roƙon jinƙai da kuma Allah ya karkato zuciyarmu mu kiyaye.

Abinda ke bani tsoro yanzu ba irin dattijon nan ba ne kaɗai. Yaro zai ajiye yarinya a ɗaki ba aure, ka yi magana yace Baba muna ƙarƙashin alheri. Mai awo a kasuwa ta bubbuge gindin mudu ya shige ciki, ran Lahadi ita ce gaba a waƙa. Mutum ya sa lebura aiki tun safe har faɗuwar rana yace ya dawo jibi, alhali Littafin Firistoci 19:13 ya hana kuɗin ɗan ƙodago ya kwana a hannunka. Bulus ɗin da ya ce ba ku ƙarƙashin shari'a, ƙarƙashin alheri kuke, a Romawa 6:14, a aya ta gaba ya tambaya ko sai mu yi zunubi kenan, ya amsa da kansa yace sam. Ku riƙa karanta ayoyin biyu tare.

Ɗalibar Kongo:
Ranka ya daɗe Baba, Allah ya ƙara lafiya, ka yafe min zan ɗan saka baki. Ƙarshen maganarka na yarda da shi ɗari bisa ɗari, amma rabon nan gida uku shi ne ya daɗe yana damuna, don Musa bai raba haka ba. Littafin Firistoci 19:18 ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, aya 19 da ke manne da ita kar ka shuka iri biyu a gona ɗaya, kar ka sa tufa mai zare iri biyu. Babu wani layi a tsakani da yace wannan ta har abada ce wannan ta wucin gadi. Kuma duk manomin da ke guruf ɗin nan yana haɗa dawa da wake a gona ɗaya. Malaman Yahudawa sun ƙirga dokokin 613 ne, Yakubu 2:10 yace wanda ya karya ɗaya ya karya duka, Galatiyawa 5:3 tace wanda ya karɓi kaciya don shari'a wajibi ne ya cika ta gaba ɗaya. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski.

Ga yadda ni na fahimta, da abinda muke karantawa a aji. Kundin tsarin mulkin 1999 ya kwaso abubuwa da yawa daga na 1979, wasu sassan kusan kalma da kalma. Amma yau lauya ba zai tsaya gaban alƙali yace yana ƙara ƙarƙashin na 1979 ba, wancan ya sauka, ko da maganar iri ɗaya ce daga na yanzu take samun ƙarfi. Toh haka alkawarin Sinai, da Isra'ila aka yi shi, Galatiyawa 3:24 da 25 tace shari'a mai reno ce har zuwan Almasihu, da ya zo ba mu hannun mai reno kuma. Ba na sata, ba na zina, ba don ina ƙarƙashin Musa ba, don Ubangijina da manzanninsa sun umarta, kuma Allahn da ya ƙi sata jiya bai canza hali ba.

Abin ya taɓa ni ne shi yasa. Ina aji ɗaya a jami'a wata mama ta tare ni a ƙofar coci da yamma mun zo koyon waƙa, akan na sa wando, ta karanta min Maimaitawar Shari'a 22:5 gaban mutane, na koma hostel ina kuka. Da daddare na karanta surar duka. Aya 8 tace in ka gina sabon gida ka ja wa rufin rawani kar wani ya faɗo, aya 11 ta hana haɗa ulu da lilin, aya 12 tace a yi tuntaye a kusurwa huɗu na mayafi. Ɗaya tak aka tsinta a ciki, wadda ta faɗa kan 'yan mata.

Baba Dattijo Wusasa:
'Yata kin yi karatu, Allah ya yi miki albarka. Amma ki dubi aya 8 ɗin nan da kyau. Mutanen can a kan soro suke shan iska su yi shanya, kamar gidajen ƙasa na cikin birni. Mu yau kwano muke bugawa, ba mai hawa. Amma wanda ya haƙa rijiya a tsakar gidan haya ya bar ta ba murfi yara suna wasa, bai karya dokar nan ba? Harafin ya wuce, abinda Allah ke nufi yana nan, ran maƙwabcinka a wuyanka yake. In kin ce daga hannun Almasihu kike karɓa, ni ban ƙi ba. Amma kar ki rufe littafin Musa, a ciki za ki ga yadda ƙaunar take da hannu da ƙafa.

Ɗalibar Kongo:
Na karɓa Baba. Ban taɓa kallon ayar ta wannan gefen ba gaskiya.

Maman Biyu:
Tunda an zo nan bari in faɗi nawa. Shekara 19 muna gida ɗaya da maƙwabciyata Hajiya a Samaru, duk Babbar Sallah sai ta aiko yarinya da cinya guda a faranti an rufe da leda, ni kuma Kirsimeti in kai mata shinkafa da kaza, kuma mijinta nake ba ya yanka kazar don su ci da kwanciyar rai. Ranar da na haifi 'yan biyu ita ta dafa min ruwan wanka sati biyu. Bara a Zumuntar Mata wata 'yar'uwa tace wai cin naman layya zunubi ne. Na je gida na duba, 1 Korantiyawa 10 tace ku ci abinda ake sayarwa a mahauta ba sai kun yi ta bincike ba, in wanda ba mai bi ba ya gayyace ku ku ci abinda aka sa muku. Naman da duk muke saya a kasuwar Sabon Gari wa ke yankawa?

Ma'ajin Coci:
Mama ki ƙarasa surar, aya 28 tace in an gaya miki na hadaya ne kar ki ci. Ni shi yasa ba na ci, ina karɓa da godiya in ba almajirai.

Maman Biyu:
Hadayar gumaka ake magana a wurin ƙanina, Hajiya kuwa ba gunki take yi wa yanka ba. Amma ba zan sa maka a baki ba, in ka zo gidana ran Sallah wake zan dafa maka. Romawa 14 ai ta raba mu, mai ci kar ya raina mara ci, mara ci kar ya hukunta mai ci.

Admin:
Jama'a a dawo kan tambayar Ɗan Muciya don Allah, maganar nama a buɗe mata nata zaren. Kuma an gode da yadda ake magana cikin ladabi.

Malamin Sande Sukul:
Toh bari in dawo da mu. Tambayar nan an taɓa zama akanta, Ayyukan Manzanni 15, a Urushalima wajen shekara ta 49. Wasu suka zo Antakiya suna cewa al'ummai, wato irinmu, sai sun yi kaciya sun kiyaye shari'ar Musa kafin su tsira. Bitrus ya miƙe yace don me za ku ɗora musu karkiyar da mu da kakanninmu muka kasa ɗauka. Yakubu ya yanke magana, aka rubuta wasiƙa, abu huɗu kawai aka ce su guje wa, abinda aka miƙa wa gumaka, jini, maƙararriyar dabba, da fasikanci. Babu zakka a wasiƙar, babu Asabar, babu kaciya. Wannan ba ra'ayin wani fasto ba ne, manzanni ne suka ce ya gamshi Ruhu Mai Tsarki da su.

Amma duk wanda ya ɗauka sauƙi aka yi mana bai karanta Matiyu 5 ba. Musa yace kar ka yi kisa, Yesu ya kai ta har fushi da zagi. Musa yace kar ka yi zina, Yesu ya kai ta har kallo. Yace ka ƙaunaci maƙiyinka, mu da muka ga rikici da idonmu a jihar nan mun san nauyin wannan kalma, ta fi dubu 7 wuya nesa ba kusa ba. Yahaya 14:15 in kuna ƙaunata za ku kiyaye umarnaina. Wato akwai umarni, kuma dole ne. Bambancin shine ba da shi muke sayen ceto ba, kuma ba a tsaye yake da sandar la'ana a bayanmu ba, Galatiyawa 3:13 tace Almasihu ya fanshe mu daga la'anar shari'a da ya zama la'ana dominmu. Wanda ya ce wa ɗan da ya sayi allurar uwarsa la'ananne, ya ɗauko abinda aka riga aka sauke a gicciye ya maida masa a ka.

Ɗan'uwa daga Hanwa:
Na dawo. Akan Asabar ban sauka ba Malam, wasiƙar nan ma ai ba ta ambaci kisa da sata ba, ba ta zama jerin duk abinda ke kanmu ba kenan. Za mu ci gaba. Amma akan Ɗan Muciya bakinmu ɗaya, mu ma muna fidda zakka sosai, kuma Yesu ya warkar da mutane ran Asabar yace an yi Asabar don mutum ne. Ɗan'uwa ba ka yi fashi ba.

Ma'ajin Coci:
Ni har yanzu ina ganin kashi ɗaya cikin goma shine mafi ƙarancin abinda ya kamata mai bi ya fara da shi, in an bar wa kowa zuciyarsa na san abinda ke shigowa faranti. Amma akwai abinda ya tsaya min a rai tun ɗazu. Kwana tara kuna asibiti, cocinku ta kawo muku wani abu? Don in littafin zakka ya san ba ka biya ba, ya kamata littafin taimako ya san kana kwance da mara lafiya.

Ɗan Muciya:
Matan zumunta sun zo sau biyu Yaya, sun kawo kunu da sabulu sun yi addu'a, Allah ya saka musu. Daga dattawa kam ba wanda ya leƙo. Ba na so in riƙe shi a zuciya, mutumin nan shi ya koya min karatun Littafi ina yaro, shi yasa maganarsa ta shige ni haka. Zakka zan ci gaba da bayarwa in Allah ya hore, don ina so, mai bisharan da ka faɗa ma ya tsaya min a rai. Amma na watan jiya ba zan biya shi a matsayin bashi ba, in na yi haka kamar na yarda allurar Mama sata ce. Ina so in same shi mu zauna in karanta masa Markus 7, sai dai ban san yadda zan fara ba, ya haife ni.

Baba Dattijo Wusasa:
Kar ka tare shi a harabar coci, kuma kar ka fara da aya. Ka je gidansa da yamma, ka gaishe shi yadda ka saba, ka ba shi labarin daren da kuka kai Mamanku tun daga faɗuwarta har kantin magani, don ina zaton bai ji wannan ba, littafi kawai ya duba. Bayan nan ka ce Baba ga wurin da na karanta, ka fahimtar da ni. In kana jin nauyi ka biyo ta Wusasa ran Asabar da safe mu tafi tare, tsoho da tsoho sun fi jin maganar juna.

Ɗan Muciya:
Na gode Baba, zan zo da wuri kafin rana ta yi zafi.

Maman Biyu:
Ka turo min kwatancen gidanku ta inbos ɗana, gobe in na taso kasuwa zan biyo in duba Mama. An hana ta gishiri ko? Don in san irin faten da zan yo mata.